Gwangwanin Taurarin Kawu

Duk faɗin Kumasi, daga Aboabo har Bantama, babu wanda zai ɗaga yatsa ya ce bakina ya taɓa cutar da shi. Haka nake faɗa shekara da shekaru, ina faɗa ina dukan ƙirji. Ni ne mutumin da ake aika wa in an yi rasuwa, wani lokaci ma tun kafin a aika wa mai wankan gawa, don in zo in zauna da masu makoki in sassauta musu. Na taɓa sa wata tsohuwa mai takaba dariya har haƙorinta na ƙarshe ya faɗa cikin koko, ta tsamo shi ta ce in ci gaba. Na taɓa ba da labarin lorin da ya yi gudu daga tashar Kejetia zuwa Tamale har inuwarsa ba ta iso ba sai bayan kwana biyu, kuma direbobi uku suka rantse sun gamu da inuwar a hanya tana haki. Ƙarya ce, kowa ya san ƙarya ce. A yi dariya a watse. Wa ta kashe?

Ranar Talatar da muka sallaci Kawu na waiwaya na ƙirga sahu. Uku ne, na ukun ma bai cika ba.

Mutumin da ya shekara hamsin da wani abu yana zaɓen goro a garin nan, wanda babu fataken da suka taɓa ɗaure kaya zuwa Arewa ba su nemi hannunsa ba, ya kamata a ce an tare titi saboda shi. Mutane sun zo, ba zan ce ba su zo ba. Amma da yawa a ƙarƙashin mangwaron tsallaken hanya suka tsaya, hannu a baya, kamar masu jiran mota. Waɗanda suka shigo gaisuwa ba su zauna ba. Wani dattijo da Kawu ya koya wa sana'a da hannunsa ya riƙe ni ya ce, "Allah ya yafe masa abin da muka ji." Ko "Allah ya jiƙansa" bai iya cewa ba. Liman ya ja salla, ya yi addu'a gajeriya, ya ce yana da baƙo a gida.

Waɗanda suka cika tsakar gidan da kuka su ne matan Asante masu kawo goro daga gonakin wajen Atonsu. Suka zo da baƙaƙen zannuwa, hannu a ka, suna "Due, due," wato gaisuwarsu ta mutuwa. Ɗaya a cikinsu, wadda ta kusa Kawu tsufa, ta zube gaban matarsa tana faɗa da Hausarta ta kasuwa, "Wofa bai taɓa cuce ni ba. Ko sau ɗaya, koraa." Koraa shi ne sam, Wofa kuwa kawu a bakinsu, kuma haka duk suke kiransa. Matar Kawu, wadda muke kira Mma, ta rungume ta. Ni kuwa ta kalle ni sau ɗaya, ta saman kafaɗar matar nan. Ni da nake sa masu takaba dariya, sai na kawar da kai.

Abin da mutane suka ji shi ne wai Kawu ya zama ɗan duba a tsufansa, yana tambayar taurari abin da Allah ya ɓoye. Wanda ya fara faɗin haka ni ne. Kawu bai bar ɗa ba, bai bar gida na kansa ba, sunansa kaɗai ya bari, ni kuma na ɓata shi. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Wanda ya karanta wannan ya san wane ne aka binne ranar Talatar nan.

Wan mahaifiyata ne. Da ta rasu ina ƙarami shi ya ɗauke ni, shi ya yi mini aure, shi ya raɗa wa 'ya'yana suna. Har na yi furfura a gemu bai daina ce mini Yaro ba. Yana saurayi ya zo ƙasar nan a ƙafa tare da ayari, ya zauna a rumfar goro, bai sake tashi ba. In ka shiga rumfar da hantsi za ka same shi kan buzunsa, kwanduna biyar a gabansa, jiƙaƙƙen ganyen fita a gefe don rufe goron. Manya, wato goriya, nan. Marsa masu bi musu, nan. Ƙanana, minu, can. Ja daban, fari daban. Wanda tsutsa ta shiga, sankara ke nan, ya jefa bayansa ba tare da ya waiwaya ba. Kowane goro sai ya juya shi sau uku tsakanin yatsu kafin ya sake shi. Ni na sha cewa yana zaɓar huhu ɗari kafin azahar. Ba ya kai ɗari. Amma ban taɓa jin an dawo masa da kaya ba.

Bai taɓa cin goro ba. In an tambaye shi sai ya ce in ya fara ci zai fara son wani ya ƙi wani, zaɓen ya lalace. Magana kuwa ba shi da ita sai guda, "Juya shi." In an kawo masa ƙarar wani, ya saurara har ƙarshe ya ce, "To, ka juya shi?" In na zo masa da labarin wani attajiri ko wani malami, haka. Kuma da an sallame isha'i ya kwanta, kamar kaza. Mutumin da aka ce yana hira da taurari ke nan. Ina shakka in ya ga sararin sama da dare sau goma a shekara.

Taurarin ta hannun wani ɗan haya suka shigo gidan. Ɗan ƙabilar Fante ne, yana koyar da lissafi a wata makaranta, ya kama ɗakin da ke kusa da zaure. Kowa Ticha yake ce masa. Wata Asabar da rana ruwa ya tsare shi a rumfar Kawu da wani ƙaton littafi da ya yi oda daga Ingila. Ina wurin, ina jiran ruwa ya ɗauke. Ya buɗe littafin a kan gwiwa, Kawu ya leƙa. Shafin baƙi ƙirin ne, an yanka shi gida-gida, kowane gida da farin tabo a tsakiya, wani zagaye, wani mai ɗan tsawo.

Kawu ya ce, "Ticha, wa ya zaɓa maka goron nan? Ya sa na uku a wurin na huɗu."

Ticha ya yi dariya, ya duba, ya daina dariya. Ya ce, "Wofa, gaskiya ne paa. Mai buga littafi ya sa shi ba daidai ba. Amma wannan ba goro ba ne."

Ya yi bayani da Hausarsa mai ɗingishi, inda ta ƙare ya ƙara da Asante. Ya ce rana da duk taurarin da ido ke gani taro ɗaya ne, gari guda. Bayan wannan garin, can nesa, akwai waɗansu garuruwan taurari, ba su ƙirguwa. Ido ba ya ganin yawancinsu, sai da wani babban madubi da aka girka a kan dutse a Amurka, shi ke ɗauko hotonsu. Kowane tabon nan gari ne sukutum.

Kawu ya ajiye goron da ke hannunsa, abin da ban taɓa ganin ya yi a tsakiyar aiki ba. Ya ƙura wa shafin ido. Sannan ya ce, "Allahu Akbar. Ai da ma Ubangijin talikai aka ce, ba a ce na Kumasi ba." Kalmar Turancin da Ticha ke kiransu da ita ba ta zauna a bakinsa ba, sai ya sa musu zango, tun da wuri ne da aka taru aka zauna nesa da kowa.

Daga ranar, duk Asabar Ticha na rumfa. Ya nuna masa cewa masana sun kasa zangunan nan kashi uku. Akwai masu hannuwa da ke naɗewa kamar gammo. Akwai marasa fasali, waɗanda Kawu ya ce sun yi kama da goron da sankara ta gama da shi. Sai na uku, sumul, ba hannu ba ƙafa, haske ya taru a tsakiya yana dushewa a hankali har ya ɓace cikin baƙi, ba ka iya cewa ga inda ya ƙare. Waɗannan Kawu ya ɗauka nasa. Ya ce sauran ado ne, waɗannan su ne goro.

Su ma an jera su, daga sifili zuwa bakwai. Mai zagaye sosai kamar lemo, sifili. Yana ƙara tsawo lamba na hawa, har bakwai, mai kama da ƙwallon dabino. Ba a samu wanda ya wuce bakwai ba. In ya fi haka siranta to ya shiga wani kashin. Ticha da rula da alƙalami yake fitar da lambar. Kawu ya zaro zare daga bakin rawaninsa. Ya gwada tsawon tabon, ya ɗora wannan zaren a kan faɗinsa, ya dubi abin da ya yi saura. In babu saura, sifili. In rabin zaren ya yi saura, biyar. In kashi uku cikin goma, uku. Bayan wata guda ma ya bar zaren sai don tabbatarwa. Ticha ya rufe lambobin da yatsa ya gwada shi a kan guda ashirin. A shagon mai shayi na ce ɗari biyu ne kuma bai kuskure ko ɗaya ba. Ashirin ne, ya kuskure biyu, kuma kwana uku yana jin haushin biyun nan.

Faɗa ɗaya suka taɓa yi da Ticha, shi ma a kan aiki. Kawu ya ɗauko wani dogon goro ya saita tsininsa da idon Ticha.

"Lamba nawa?"

"Sifili, Wofa."

Ya juya shi a kwance. "Yanzu fa?"

"Biyar."

"To wanne ne gaskiya? Goron ɗaya ne. Mutanenka sun juya zangon nan kafin su rubuta masa sifili?"

Ticha ya ce ba a iya juyawa, kuma masanan da kansu sun faɗa cewa lambar ta yadda ake ganinsa daga duniya ce. Kawu ya ce to me ya sa ba a rubuta haka a ƙarƙashin kowane hoto ba? Shi in ya sa goron da bai juya ba a kwandon goriya, ɓarawo ne. Ticha ya ji zafin kalmar, ya rufe littafi ya tashi. Kwana biyu ba gaisuwa. Mma ce ta tuƙa tuwo da miyar kuka ta ajiye kwano ɗaya a zaure, ta ce ba ta da na biyu. Suka ci. Daga nan Kawu ya yanke hukuncinsa: mai tsawo za a iya yarda da shi, don abin da ya nuna tsawo yana da shi, mai zagaye kuwa a yi masa uzuri, wataƙila fuskarsa kawai ya ba mu.

Wata rana Ticha ya faɗi abin da ya fi komai zama a ran Kawu. Ya ce a zangunan masu hannuwa akwai ƙura da tururi, daga cikinsu ake ta samun sababbin taurari. Waɗannan sumul ɗin kuwa sun ƙarar da nasu. Taurarinsu tsofaffi ne zalla, haskensu ya ja zuwa ja-ja.

Kawu ya ce, "Daushe ke nan." Daushe shi ne goron bara da ya kwana biyu ya nuna, wanda masana goro suka fi so. Sai ya sake tambaya, "Ba a haihuwa a can?"

"An daina, Wofa. Tun tuni."

Mma ta shigo da fura a daidai lokacin. Shekararsu arba'in da aure, Allah bai ba su haihuwa ba, kuma duk matsin da dangi suka yi masa bai ƙara aure ba. Ya miƙa mata littafin. "Zo ki ga gidanmu."

Ta ƙura ido ta ce, "Gidanmu da haske haka?"

"Tsofaffi ne kawai suka haɗa kai."

Na ga abin zai yi nauyi, na ce, "To ni fa, Kawu? A wane lungu nake?"

Ya ce, "Kai baƙo ne da ya zo ya ƙi tafiya." Mma ta yi dariya tana goge ido da gefen mayafi.

Shekara biyu kafin a sauke tutar Turawa, Ticha ya samu tafiya Ingila ƙarin karatu. Kafin ya tafi ya sa reza ya yanke hotunan sumul ɗin nan daga littafinsa, littafin da ba ya bari ko ƙuda ya sauka a kai, ya manna kowanne a kwali, ya zuba a gwangwanin biskit ya ba Kawu. Kawu ya bi bayan kowane kwali ya rubuta lambarsa da lambobin Larabci, a ƙarƙashi ya sa da ajami: "daga nan". In aiki ya yi sauƙi da la'asar sai ya baje su a kan buzu ya jera, ya rushe, ya sake jerawa.

Yanzu ga abin da na yi.

Wani falke ya zo zai ɗaure kaya zuwa Kano. Kawu ya juya goron ya ce kada ya ɗauka, sankara ta riga ta yi ƙwai a ciki, ba zai kai ba. Falken ya ga goro jajir mai kyau, ya ƙi ji. Kafin ya tsallake kogin Kwara kayan ya zama gari. Wannan aikin Kawu ne na kullum, ba abin labari. Amma da maganar ta iso shagon mai shayi na ga ta yi fari, ba gishiri. Na ce ai ina wurin. Na ce Kawu bai ko taɓa goron ba. Gwangwaninsa ya buɗe, ya zaro baƙin kwali, ya ɗora zare, ya ga bakwai, ya ce wa falken taurari sun ce kayanka ba za su ga Kano ba. Na kwaikwayi muryarsa, na ƙanƙance ido. Aka yi dariya har mai shayi ya zubar da madara.

Na saba ƙaryata ta mutu a inda aka haife ta. Wannan ta tashi da ƙafafunta, saboda mutane sun ga gwangwanin da idonsu, sun ga baƙaƙen kwalaye da lambobi, sun ga zaren, kuma kayan falke ya lalace da gaske. Cikin wata biyu aka fara sallama a rumfa ba don goro ba. Mai ɓatacciyar akuya, mai neman sa'ar tafiya. Kawu ya yi ta bayani, suna gyaɗa kai suna cewa sun gane, ba a faɗin irin wannan a fili. A masallaci aka fara barin ɗan fili tsakaninsa da na kusa da shi.

Akwai wata mata da ba zan manta ba. Daga Aboabo ta zo, ta durƙusa bakin rumfa, murya ƙasa-ƙasa, ta ce shekararta tara da aure ba ko ɓari, a duba mata. Na zaci zai kore ta. Sai ya kira Mma, ya sa aka shimfiɗa wa matar tabarma. Ya buɗe gwangwanin ya sa mata kwali a hannu. Ya ce, "'Yata, taɓa ki ji, takarda ce. Dubi tsohuwar nan, dube ni. Shekara arba'in. Da abin nan na ba da ɗa, da kin tarar da gidan nan ba wurin taka ƙafa." Matar ta fashe da kuka. Mma ta ja ta ciki, suka yini tare. Da za ta tafi ya zaɓa mata farin goro guda bakwai ya ce ta kai wa mijinta, ta ce daga wani tsoho ne da bai saki matarsa ba. Da labarin ya zaga gari, an ce ya ba ta goro bakwai na magani.

Ya san ni ne. Bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya kira ni rumfa, yana zaɓe bai ɗago ba, ya ce, "Yaro, abin da ka ɗaura, je ka kwance. Ranar Juma'a, in an fito, mutane na nan."

Na ce, "Kawu, wallahi an gama."

Juma'a ta zo. Aka fito, na tsaya a bakin masallaci, na gyara murya. Kafin in buɗe baki wani ya ce, "Yauwa, ga shi nan! Ba mu na Kawu da falke!" Mutane suka kewaye ni, fuskoki duk a washe, suna jira. Ban san yadda zan bayyana wa wanda ba irina ba abin da wannan jiran ke yi wa mutum. Na ce a raina bari in ba su sau ɗaya, in sun yi dariya sai in warware. Na ba su. Na ma ƙara cewa kwalin ya yi zafi a hannunsa. Ina cikin kwaikwayon muryarsa na hango shi ta bayan taron, buzu a hammata, yana wucewa a hankali. Bai tsaya ba.

Bai sake ta da maganar ba. Washegari ma ya aiko wa 'ya'yana da rake kamar kullum. Ni kuma na yi ta cewa Juma'a mai zuwa, har damina ta shigo ƙafafunsa suka kumbura ya daina fita.

Kwana biyu kafin rasuwarsa na durƙusa gaban gadonsa na ce ya yafe mini. Ya ce, "Na yafe tun a bakin masallaci. Amma ka ji, Yaro. Mai ɗa, in an ɓata shi, ɗan zai tashi ya gyara ko bayan shekara ashirin ne. Ni fa?" Ya kama hannuna ya juya shi, baya da ciki, kamar yadda yake yi wa goro, sannan ya sake. Da hantsin Talata ya cika, kansa a cinyar Mma, da kalmar shahada a bakinsa. Na ji da kunnena, kuma wannan ba ƙari a ciki.

Ya Allah, kai ka san abin da ke cikin gwangwanin nan tun kafin a ɗauki hotonsa. Bawanka ya dubi aikinka ya yi kabbara, bai roƙi kowa ba sai kai. Ka yalwata masa kabari, ka sanyaya wa Mma zuciya, ka sa shi cikin waɗanda aka zaɓa aka ajiye a dama. Laifin da aka ɗora masa nawa ne, ka mayar da shi inda ya fito.

Ranar sadakar uku dattawa suka buɗe akwatinsa suka ga gwangwanin. Babbansu shi ne shugaban dillalan goro, Alhaji, abokin Kawu tun suna samari. Ba mugu ba ne. Da hawaye ya ce a haƙa rami a binne kayan nan, kamar yadda ake yi wa kayan tsibbu in mai su ya mutu, don kada su bi shi kabari su hana shi kwanciya. Taimakon abokinsa yake yi. Mma, da take cikin takaba ba ta ko ɗaga murya, ta fito ta zauna a kan gwangwanin. Ta ce a bar shi har arba'in, ɗan ƙanwar mijinta yana da magana. Nan ne ta fara yi mini magana tun rasuwar. Ta ce, "Bakin da ya ɓata, shi zai gyara."

Na nemi adireshin Ticha a makarantarsu da wajen 'yan garinsu a unguwar Adum, ban samu ba. Saboda haka na zauna da gwangwanin kwana talatin da bakwai. Na koyi zaren. Na tuno duk abin da na ji a rumfa, na jera shi a kaina, na cire duk wani gishiri. Ban ba kowa dariya ba a kwanakin nan, har matata ta tambaya ko ba ni da lafiya.

Ranar arba'in, bayan an yi addu'a an raba masa, wato waina, na miƙe a gaban Liman da Alhaji da dattawan goro. Na ce labarin falke ƙarya ce, ni na ƙirƙira, Kawu goron ya juya ya ga sankara. Na baje kwalayen a tabarma, na jera su daga sifili zuwa bakwai. Na gwada zare a gabansu. Na ɗauki dogon goro na nuna musu ta tsini, na juya shi a kwance, na karanta musu "daga nan" da ke bayan kowane kwali. Mutanen goro ne, wannan sun gane shi sarai. Na ga kawuna na gyaɗawa. Wani ya ce, "Wannan kam maganarsa ce." Dattijon da ya ce Allah ya yafe masa abin da suka ji ya sunkuyar da kai. Na hango Mma a bakin ƙofar ɗaki, ta dafa bango.

Sai Liman ya ɗauki kwali ɗaya, ya nisanta shi da ido, ya ce, "To mun ji. Amma wannan tabon, hoton mene ne?"

Na ce garin taurari ne.

"Taurari nawa?"

Da na ce ɗari, da an wuce wurin. Da na ce dubu ma, da sun haƙura. Amma na yi wa Kawu alkawari a raina ba zan ƙara ba, ba zan rage ba. Na faɗi abin da Ticha ya faɗa. Na ce a tabon nan da bai kai ƙwayar minu ba akwai taurari miliyan sau dubbai, kowannensu rana ce irin tamu. Na ce hasken da aka ɗauka a hoton nan ya baro can shekaru miliyoyi da suka wuce, yana gudu bai tsaya ba, sai yanzu ya iso.

Daga baya wani ya yi tari. Wani ya ce, "Kamar inuwar lorin Tamale." Shi ke nan. Dariya ta ɓarke daga wannan gefe zuwa wancan. Na ce wallahi, na ce tallahi, na ce a kawo Alƙur'ani. Kowace rantsuwa ƙara musu take. Hawaye ya zubo mini, wani ya nuna ni ya ce ku duba, har da kuka ya iya. Liman ma ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Na juya wajen ƙofar ɗaki, labule ya riga ya sauka.

Alhaji ya tattara kwalayen ɗaya bayan ɗaya, ya mayar cikin gwangwanin, ya danne murfin, ya sa a hammata. Ya miƙe da ƙyar yana share ido, ya dafa kafaɗata.

Ya ce, "Wallahi wannan ta fi duk waɗanda ka taɓa yi. Amma ɗan nan, ka ji tsoron Allah. Ko ranar arba'in ɗin kawunka ba za ka huta ba?"